Mai kanti a Ingila ya ƙi karɓar fam ɗin Sikotlan: ya saɓa doka?

Tambayar ta zo ne daga wani ɗalibi da ke karatu a Gilasgo. Ya sauko Mancesta hutun ƙarshen mako wurin 'yan'uwa, ya shiga wani ƙaramin kanti ya ɗauki burodi da madara da ƙwai, ya miƙa takardar fam 20 ta bankin Clydesdale, ɗaya daga cikin bankunan Sikotlan. Mai kanti ya jujjuya ta, ya mayar masa, ya ce ba ya karɓar irinta. Shi kuma ya tsaya kai da fata cewa wannan halastaccen kuɗi ne, abin da Turawa ke kira ligal tenda, don haka dole a karɓa. Yana so ya san wa ke da gaskiya, kuma ina zai kai ƙara.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba. Mai kantin bai saɓa wata doka ba, kuma babu ofishin da za ka kai shi ƙara a kan wannan a saurare ka. Amma kai ma kana da gaskiya da ka ce kuɗinka kuɗi ne. Takardar nan fam 20 ce cif, ba ta gaza ta Bankin Ingila da ko kwabo ba. Inda aka samu tangarɗa shi ne kalmar da ka dogara da ita, domin ba ta nufin abin da yawancin mutane ke zato, har da su 'yan ƙasar. Na yi shekaru ina aiki a kan kantar banki a arewacin Ingila, na ji an buga tebur da kalmar nan ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, kuma kusan kullum a inda ba ta da hurumi.

Ka tuna yadda ake ciniki a Kantin Kwari. Mai shadda ya baje kayansa, ka zo ka taya, ya ce albarka. Ka ƙara, ya sake cewa albarka. Muddin bai buɗe baki ya ce ya sallama ba, babu ciniki, shaddarsa tana nan tasa, kuɗinka yana nan naka, ba ka bin sa komai, ba ya bin ka komai. Malaman fiƙihu suna kiran wannan ijabi da ƙabuli, kuma ginshiƙinsa yardar ɓangarori biyu. To dokar Ingila a wannan gaɓa ba ta rabu da abin da ka tashi ka sani ba. Kayan da ke jere a kanta da farashi manne a jikinsu ba sallamawa ba ce, kira ne kawai ga mai wucewa ya zo ya taya. Sa'ad da ka dire burodi a gaban kashiya, kai ne mai tayi, shi kuma yana da ikon ya sallama ko ya ce albarka. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta zaunar da wannan magana a 1953, a shari'ar da ƙungiyar masu harhaɗa magunguna ta yi da kamfanin Boots. Abin da aka yi ta gardama a kai shi ne yaushe ciniki ke ƙulluwa a kantin da mutum ke ɗaukar kaya da hannunsa: lokacin da ya jefa a kwando, ko lokacin da ya iso wurin biya? Kotu ta ce a wurin biya ne.

Tunda haka ne, mai kanti yana da damar gindaya sharaɗin yadda za a biya shi. Yana iya cewa kati kaɗai. Yana iya liƙa takarda a ƙofa cewa ba ya karɓar 'yar fam 50, kuma za ka ga irin wannan a kantuna da dama, alhali 'yar fam 50 ta Bankin Ingila ce da kanta. Motocin bas na Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, ko ka zo da sabuwa fil mai hoton Sarki Charles direba ba zai karɓa ba. Idan takardar Bankin Ingila a tsakiyar Landan ba ta tilasta wa mai sayarwa, ka ga ta Clydesdale a Mancesta ba za ta tilasta ba.

To mene ne amfanin kalmar, idan ba a kanti ba? Gidanta bashi ne, bashin da ya riga ya hau wuyan mutum. A ce wani yana bin ka fam 500, lokacin biya ya yi, ka kawo masa kuɗin cif-cif a nau'in da doka ta ayyana a matsayin halastacce, ya ƙi karɓa, daga baya ya maka ka a kotu yana cewa ka hana shi haƙƙinsa. Nan ne kalmar ke tashi ta yi maka aiki. Za ka ce wa alƙali: na kai masa, shi ya ƙi. A Ingila da Wels sai ka zuba kuɗin a asusun kotu kafin wannan kariya ta karɓu. Kuma ka lura da abu biyu da mutane ke yawan mantawa. Na farko, ƙin karɓar da ya yi bai goge bashin ba, har yanzu kuɗinsa ne, abin da ka tsira daga gare shi shi ne a ɗora maka laifin ƙin biya da ɗawainiyar shari'a. Na biyu, dole ka kawo adadin daidai, domin doka ba ta wajabta wa mai bin bashi ya ba ka canji ba. Iyakar kalmar ke nan. Kariya ce ga wanda ake bi, don kada mai bin bashi ya riƙa yi masa wasa da hankali, yau ya ce zinariya yake so, gobe ya ce dala, har lokaci ya ƙure ya ce an saɓa alkawari.

Yanzu ga abin da ke ba mutane mamaki. A Ingila da Wels, abin da ya cika wannan suna shi ne takardun Bankin Ingila da sulallan da gidan buga sulalla na sarauta ke bugawa. A Sikotlan da Ailan ta Arewa kuwa sulalla ne kaɗai. Wato takardar Clydesdale da ke aljihunka ba ligal tenda ba ce ko a cikin Gilasgo, garin da aka kafa bankin a 1838. Ita ma takardar Bankin Ingila ba ligal tenda ba ce a Sikotlan. Wata doka ta 1954 ta ba takardun Bankin Ingila na ƙasa da fam 5 wannan matsayi a can, amma tun da aka janye 'yar fam 1 a 1988 babu sauran takardar da ta shiga wannan rukuni. Mutum sama da miliyan biyar ke rayuwa a Sikotlan, suna biyan haya, suna sayen nama, suna biyan bashi da takardun da babu ko ɗaya cikinsu mai wannan laƙabi, kuma ba abin da ya tsaya.

Su kansu sulallan da iyaka. Fam ɗaya feni 100 ne. Dokar sulalla ta 1971 ta ce 'yan feni 1 da feni 2 halastattu ne zuwa feni 20 kawai, 'yan feni 5 da 10 zuwa fam 5, 'yan feni 20 da 50 zuwa fam 10. 'Yan fam 1 da fam 2 su ne babu iyaka. Wannan iyaka tana hana wanda aka ci tara ya huce haushinsa ta hanyar zuwa da buhun jajayen sulalla.

Za ka ce, idan ba halastacce ba ne, me ya mai da shi kuɗi? Ɗauko takardar ka karanta rubutun da ke gabanta. Za ka ga banki yana alkawarin biyan duk wanda ke riƙe da ita fam kaza a duk lokacin da ya nema. Takardar alkawari ce, kuma majalisar dokokin Birtaniya ce ta ba bankin izinin buga ta. Bankuna uku ke da wannan izini a Sikotlan: Bank of Scotland, Royal Bank of Scotland da Clydesdale. A Ailan ta Arewa ma uku ne yanzu: Bank of Ireland, Ulster Bank da Danske Bank, bayan First Trust ya daina buga nasa.

Tarihin abin yana da tsawo, amma ya cancanci ka san shi, don kana zaune a cikin mutanen da suka ɗauke shi da muhimmanci ƙwarai. An kafa Bankin Ingila a 1694, Bank of Scotland a 1695, tun kafin ƙasashen biyu su haɗe a 1707. Royal Bank ya biyo a 1727. A wancan zamani bankuna masu zaman kansu barkatai ne ke buga takardunsu, a Ingila ma haka. Da rikicin bankuna na 1825 ya durƙusar da da yawa daga cikin ƙananan bankunan Ingila, gwamnati ta haramta buga takardar ƙasa da fam 5, ta kuma so ta faɗaɗa haramcin zuwa Sikotlan, inda 'yar fam 1 ita ce abin da talaka da ɗan kasuwa ke juyawa. Marubuci Walter Scott ya fito da wasu wasiƙu a jarida a 1826 da sunan aro, Malachi Malagrowther, ya tayar da ƙura har gwamnati ta janye. Abin da ya sa ke nan har yau hotonsa ne a gaban takardun Bank of Scotland, kuma 'yar fam 1 ta Royal Bank tana nan tana yawo. Daga baya dokar 1844 ta rufe ƙofa ga sababbin masu buga kuɗi a Ingila da Wels, tsofaffin kuma duk wanda ya haɗe da wani banki ya rasa izininsa, har na ƙarshe, Fox, Fowler and Company, ya rasa nasa a 1921. Sikotlan da Ailan aka yi musu dokokinsu daban a 1845, waɗanda suka bar wa bankunan da ke bugawa izininsu.

Batun tsaron kuɗin kuwa, kwantar da hankalinka. Bayan girgizar tattalin arziki ta 2008, lokacin da sai da gwamnati ta ceto manyan bankunan Sikotlan biyu, dokar bankuna ta 2009 ta tsaurara sharaɗi: duk fam ɗaya da waɗannan bankuna suka fitar, sai sun ajiye fam ɗaya a madadinsa, ko takardun Bankin Ingila, ko sulalla, ko kuɗi a asusu a Bankin Ingila. An keɓe wannan ajiya don masu riƙe da takardun, ko bankin ya rushe ba za a biya wasu masu bin sa bashi da ita ba. Saboda wannan ajiya ne ma Bankin Ingila ke buga wasu takardu da ba sa fita kasuwa, ta fam miliyan 1 da ta fam miliyan 100. Don haka 'yar fam 20 ɗinka tana da fam 20 na gaske a kwance a bayanta.

Na san daga inda tunaninka ya taso, domin ni ma da shi na zo. A Najeriya dokar Babban Banki ta 2007, a sashe na 20, ta mai da ƙin karɓar naira laifi, da tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida. A Faransa ma ɗan kasuwan da ya ƙi karɓar tsabar yuro yana iya fuskantar tara. Birtaniya ba ta da irin wannan doka. Dokar da aka yi a 2023 ta kare damar mutane su samu wurin cirewa da ajiye tsabar kuɗi, amma ba ta tilasta wa kowane kanti karɓa ba. An kai ƙudiri gaban majalisa kan a wajabta karɓar takardun Sikotlan a duk faɗin ƙasar, David Mundell ya kai nasa a 2009, bai zama doka ba.

Amma ko a gida, duba abin da ya faru a farkon 2023. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin 'yan 200 da 500 da 1,000 halastattu ne, duk da haka kwana da kwanaki mai shayi da ɗan adaidaita suna ƙin karɓa, don ba su da tabbacin wani zai karɓa daga hannunsu. Sai da Babban Banki ya fito ya yi magana abin ya fara lafawa. Sulallan naira 1 da naira 2 a doka halastattu ne, amma wa ke miƙa su a kasuwa? Abin da ke sa takarda ta yi tafiya daga hannu zuwa hannu shi ne yaƙinin mai karɓa cewa gobe zai iya kashe ta. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru sun fi kowa sanin wannan. Sefar da ake kashewa a Damagaram da wadda ake kashewa a Njamena darajarsu ɗaya, dukansu sefa 655.957 a yuro ɗaya, amma bankuna biyu daban ke buga su, ɗaya mazauninsa Dakar, ɗaya Yawunde, kuma wanda ya ƙetara da ta wannan yanki zuwa wancan sai ya nemi mai canji. Bambancin shi ne su kuɗi biyu ne a doka, fam ɗin Sikotlan da na Ingila kuwa kuɗi ɗaya ne mai riguna daban-daban.

Ka kuma dubi abin ta idon mai kantin. Takardun Bankin Ingila kala huɗu ne, 5 da 10 da 20 da 50, yaron kanti yana gane su ko ido rufe. Na arewa kuwa, wato Sikotlan da Ailan ta Arewa, bankuna shida ne, kowanne da zanensa a kowane adadi. Wata da hoton Robert Burns, wata da kifi, wata da kurege, na Ulster Bank ma a tsaye aka zana su maimakon a kwance. Akwai 'yar fam 100, wadda Bankin Ingila ba ya bugawa. Yarinyar da ta fara aiki wata biyu da suka wuce, wataƙila ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba, ba ta san inda za ta duba ta rarrabe ta gaske da jabu ba, kuma a wasu wuraren aiki idan kuɗin akwati ya yi giɓi daga albashinta za a cire. Ko ta karɓa, wanda ke bayanka a layi ba zai yarda a ba shi ita canji ba, sai ta kwana a akwati har a kai banki, banki kuma yana cajin 'yan kasuwa kuɗin ajiye tsaba. Mu a banki ba ma sake fitar da su, ware su muke yi a ɗaure daban a mayar da su inda suka fito.

Duk da haka ba zan ɓoye maka ra'ayina ba: abin halal ne a doka, amma ba kyakkyawan ciniki ba ne, kuma yana da ciwo. Ya taɓa faruwa da ni a shekarata ta farko, a wani kantin unguwa, da daddare ana ruwa. Matar ta ɗaga takardar sama ta hanga a fitila, ta murza ta da yatsa, ta kira wani daga ciki, shi ma ya ɗaga ya hanga, mutum biyar a bayana sun yi tsit suna kallon kwandona. Na mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya na fita. Abin da ya tsaya mini a rai ba rashin madarar ba ne, tambayar da na yi ta yi wa kaina ce a hanya: takardar suka ƙi, ko ni? Na tabbata kai ma ta zo maka. A nan doka tana da magana. Dokar daidaito ta 2010 ta haramta wa mai sayarwa ya bambanta tsakanin mutane saboda launin fata ko ƙabila ko addini. Idan ƙa'idar kantin ce ba ya karɓar takardun arewa daga kowa, ba ka da ƙara. Idan kuwa ka ga ya karɓa daga hannun Bature ya ƙi daga naka, wannan wata magana ce daban, ba ta kuɗi ba ce, ta wariya ce, kuma tana da hanyar bi. Ka rubuta rana da lokaci da abin da aka faɗa tun bai gushe maka ba, ka nemi ofishin ba da shawara ga ɗalibai na jami'arku.

Akwai wurin da abin ke ɗan rikicewa, shi ne inda ka riga ka ci kafin ka biya, kamar gidan abinci, ko gidan mai bayan ka cika tanki, ko tasi bayan an sauke ka. A nan bashi ya riga ya hau. Idan sun sanar tun farko, a ƙofa ko a takardar abinci, cewa kati kaɗai suke karɓa, ka shiga ne bisa wannan sharaɗi. Idan ba su sanar ba, kana iya miƙa tsaba, sai dai takardar Sikotlan ba za ta ba ka waccan kariya ta kotu ba, tunda ba ta cikin rukunin. Abin da zan gargaɗe ka a kai da babbar murya: kada ka fusata ka fita. A Ingila da Wels, wanda ya sulale bai biya ba da niyyar ƙin biya ya aikata laifi a ƙarƙashin dokar sata ta 1978, kuma ɗalibi mai biza ba ya bukatar ko zargin irin wannan a kansa. Ka nemi manaja, ka nuna kuɗin a fili, ka ba da sunanka da lambar wayarka, ka yi tayin tura kuɗin ta waya ko ka je na'urar cire kuɗi mafi kusa ka dawo.

A aikace abin ya fi sauƙi fiye da yadda wannan rana ta nuna maka. Manyan kantuna galibi suna karɓa ba tare da ko ɗaga kai ba, haka garuruwan kan iyaka irin su Kalayil da Barik, da manyan tashoshin jirgin ƙasa inda 'yan Sikotlan ke sauka kullum. Yawan nisanka kudu da ƙanƙantar kanti, yawan yiwuwar a ƙi. Idan an yi jinkiri, kada ka ambaci ligal tenda, domin idan ka haɗu da wanda ya sani ka ba shi hujja ne a kanka. Ka ce masa cikin natsuwa wannan fam ne na sitalin, wato kuɗin Birtaniya, ga kalmar a rubuce a jiki, bankinka zai karɓa a kan darajarsa. Sau da yawa wannan ya isa. Idan bai isa ba, ka kai bankin da kake da asusu ka zuba, za a rubuta maka fam 20 cif. Kada ka yarda wani ya ce zai canza maka da ragi a cikin Birtaniya.

Ka yi hattara da takardun Jazi da Ganzi da Tsibirin Man da Jibralta. Su ma fam ne, darajarsu ɗaya da na Ingila a can inda ake kashe su, amma gwamnatocin waɗannan wurare ke buga su, ba sa cikin tsarin dokar 2009, kuma a Birtaniya ba kowane banki ne ma zai karɓa ba. Idan ka je can, ka kashe su kafin ka hau jirgi.

Sai kuma ranar komawa gida hutu. Kafin ka tafi filin jirgi, ka tabbata duk tsabar da za ka riƙe ta Bankin Ingila ce, kuma ta leda, domin tsofaffin 'yan fam 20 da 50 na takarda sun daina aiki tun 30 ga Satumba 2022, duk da cewa Bankin Ingila yana canza su ga wanda ya kai masa ko bayan shekara nawa ne. 'Yan canji a wajen Birtaniya, daga Wapa har Dubai, hoton Sarauniya ko na Sarki suka sani. Wanda ka miƙa wa takarda mai hoton Walter Scott, ko dai ya mayar maka, ko ya taya ta da farashin da zai ɓata maka rai. Ka shiga reshen bankinka a Gilasgo kwana biyu kafin tafiya, ka ce takardun Bankin Ingila kake so, idan adadin da yawa ka sanar da su tun da wuri don su tanadar maka.